Yadda ake ƙiyasta shekarun wayarin a tsohon gida

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a Kaduna. Tsohon kwatas ne na ma'aikata, ya zauna a ciki tun yana aiki, daga baya ya saya. Babu wanda ya san shekarar da aka gina shi, balle shekarar da aka ja masa wuta. Ni 'yan'uwa suka amince in gyara in tare da iyalina. Wani mai gyaran wuta ya leƙa ya ce wayoyin ja da baƙi ne, saboda haka sun tsufa, a cire su duka. Wani kuma ya ce wayar da ta fi ta yanzu inganci, kada in taɓa. Akwai yadda za a gane shekarun wayarin ɗin? Kuma shekara nawa waya take yi a ce dole a canza ta?"

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya kai haske kabarinsa, Ya ba ku haƙurin rashi. Idan na fahimce ka, Malam, abu biyu kake nema: a gaya maka zamanin da aka ja wayoyin gidan, sannan a gaya maka ko tsufansu ya kai a cire. Ta farkon tana da amsa, amma ƙiyasi ne, zai iya kuskure da kamar shekara goma sama ko ƙasa. Ta biyun kuwa na'urar gwaji ce ke yanke ta. Amfanin ƙiyasin shekarun shi ne ya nuna wa mai gwajin inda zai fi zuba ido.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, da wuya ka samu tsohon gida a ƙasar nan wanda wayarin ɗinsa na zamani ɗaya ne. Gidan da aka gina wa ma'aikaci a shekarun 1950 ko 1960, an ja masa wuta ne don ƙwan fitila, fanka, rediyo, wataƙila da dutsen guga. Da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, aka sayi firij da talabijin, sai aka ƙara soket. Da ɗauke wuta ta zama ruwan dare, aka kawo janareta da cenja, wato makunnin da ke sauya gida daga wutar layi zuwa ta janareta. Yara suka girma, aka yi ƙarin ɗaki a baya, aka ja masa layi daga falo. Yanzu ga inbata da sola. Kowane ƙari da mai aikinsa, kuma kusan babu wanda ke cire abin da ya tarar, ɗorawa kawai ake yi. Saboda haka tambayar da ta kamata ita ce: zamani nawa ne a cikin gidan, wanne ya fi tsufa, kuma har yanzu akwai wuta a jikinsa? Masu gyaran nan biyu da suka saɓa, mai yiwuwa kowannensu gaskiyar abin da ya gani ya faɗa, a ɗakin da ya leƙa.

Kafin mu shiga, ga sharaɗi. Kai naka ido ne kawai da fitilar hannu. Duk abin da ya shafi kwance sukurori, buɗe makunni ko shiga silin, aikin mai sana'ar ne, bayan an kashe babban makunni, an kashe janareta, an raba inbata da layin gidan, an kuma gwada an tabbatar babu wuta. A tsohon gida na sha tarar da layin da yake da wuta bayan an kashe komai, saboda wani ya taɓa jan shi kai tsaye daga bayan mita, ko daga gidan maƙwabta.

Fara daga wajen mita

Sauye-sauyen sunan hukumar wuta sun zame mana kalanda. ECN ta fara aiki a 1951. A 1972 aka haɗe ta da hukumar da ke kula da madatsar Kainji, aka samu NEPA. A 2005 ta koma PHCN, sannan daga Nuwamban 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, irin su Kaduna Electric a wajenku da KEDCO a Kano. Tsohuwar mita mai faifan da ke juyawa takan zo da shekarar ƙira a fuskarta, sau da yawa kuma da sunan hukumar. Idan ka ga ECN a jikin mita ko a murfin kat-awt, wato babban fis ɗin da ke kusa da mita, to galibi gidan yana da wuta tun kafin 1972. Idan kuwa mita mai kati ce, ba ta gaya maka komai ba, domin ita aka fi saurin canzawa. A nan sai ka duba allon katakon da take kai. Ramukan tsofaffin sukurori da inuwar da tsohon akwati ya bari a fenti suna nuna an taɓa sauke wani abu daga wurin.

Kada ka raina takardu da mutane. Jakar takardun marigayi tana iya ɗauke da wasiƙar da aka ba shi gidan ko tsofaffin bil. Kwatas kuma jere ake gina su lokaci guda da kaya iri ɗaya, don haka gidan maƙwabcin da bai yi gyare-gyare ba zai nuna maka yadda naku yake tun asali, kuma dattijon da ya daɗe a layin zai iya tuna ko an taɓa zuwa an sake wa gidajen waya baki ɗaya.

Rigar waya da abin da ke cikinta

Nan ne babbar shaida take. Yadda dillalin dabbobi ba ya yarda da ƙyallin jikin doki sai ya buɗe baki ya duba haƙora, haka mu ma ba ma yarda da farin makunnin da ke bango sai mun ga wayar da ke bayansa. Wurare uku nake fara buɗewa: inda fitila take rataye a ɗakin da ba a cika shiga ba, kamar sito ko baranda ta baya, bayan allon fis, da cikin silin, inda waya take miƙe da tsawo ba a shafe ta da fenti ba.

Najeriya ƙa'idojin wayarin na Ingila ta gada, kuma a farko daga can ake shigo da kayan. Don haka shekarun da abubuwa suka canza a Ingila suna ba mu iyaka ta farko, wato abu ba zai riga wannan shekarar zuwa nan ba. Amma sau da yawa tsohon yayi yakan daɗe a nan bayan an bar shi a can, saboda kayan da suka yi kwantai a sito da kuma sabon masu aiki.

Mafi tsufa ita ce waya mai rigar danƙo, irin danƙon taya. Tana zuwa kala uku. Akwai wadda aka naɗe danƙon da saƙar zare, idan ka gan ta kamar igiya ce ja ko baƙa da ta koɗe, ana zura ta cikin bututun ƙarfe ko a kwantar da ita cikin kwaroron katako mai murfi. Akwai wadda aka lulluɓe da dalma, ruwan toka ce marar ƙyalli, mai nauyi, farce yana iya yi mata zane. Akwai kuma mai baƙin danƙo mai kauri a waje. A Ingila wayar PVC, wato mai rigar roba irin ta yanzu, ta ture waɗannan zuwa farkon shekarun 1960. Duk inda ka ga ɗayansu, lissafa shekara sittin ko fiye, alhali abin da ake sa ran danƙo ya yi bai wuce shekara 25 zuwa 30 ba. Yakan bushe ya zama gautsi, ko ya narke ya yi danƙo-danƙo. Abin da ya sa take yaudarar mutane shi ne, muddin ba a motsa ta ba, busasshiyar rigar tana nan a zaune kuma fitila tana kamawa. Ranar da aka zo canza makunni aka ɗan lanƙwasa ta, sai rigar ta zube kamar gari, a mayar da tsirarar waya cikin akwatin ƙarfe a ɗaure. Shi ya sa nake gaya wa yarana, idan kun buɗe kun ga danƙo, kada ku ja, kada ku lanƙwasa, ku kira ni. Mai dalmar kuma tana da ƙarin matsala: dalmar ce take zaman wayar at, wato wadda ke kai wutar da ta zurare ƙasa don kare mutum, kuma a kowane mahaɗi sai an ƙulla ta da ta gaba. Bayan shekaru da hannuwa da yawa, da wuya ka tarar ƙullin bai yanke a wani wuri ba.

Wani abu da ke rikita sababbin masu aiki: cikin irin wannan wayar fari ne kamar azurfa, sai su ce alminiyam ce. Jan ƙarfe ne aka shafe da kuza, saboda farar wutar da ake sarrafa danƙo da ita tana cin jan ƙarfe. Idan aka duba bakin inda aka yanke, za a ga ja a tsakiya.

Bayan danƙo sai PVC ta farko, wadda aka yi da ma'aunin inci. Ana gane ta da yawan silin jan ƙarfen da ke cikinta. Ta fitila sili uku ce sirara, ta soket sili bakwai, tsofaffin masu aiki suna kiran su 3/029 da 7/029, wato yawan silin da kaurin kowanne a inci. Da yawa daga cikinsu ma an ci gaba da shafa musu kuza. A 1970 Ingila ta koma ma'aunin milimita, aka samu 1.5 da 2.5 da muke saye yau, waɗanda galibi sili ɗaya ne mai kauri, ja tsantsa. To idan aka buɗe fitila aka ga rigar PVC da sili uku farare, ina sa ta tsakanin shekarun 1960 da tsakiyar 1970. Sai dai a kula, waya mai milimita 4 zuwa sama har yau sili bakwai take zuwa, don haka sai an auna kauri, ba ƙirga sili kaɗai ba.

A cikin wannan zamanin akwai wata alama da ba ta ɓuya. Wasu wayoyin PVC da aka yi daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970 suna fitar da wani koren ruwa mai kauri da yauƙi, yana tsattsafowa ta bakin soket ko makunni. Sinadarin da ke tausasa rigar ne yake fita ya haɗu da jan ƙarfe, kuma zafi yana hanzarta shi. Idan ka gan shi ka samu shekarun wayar kusan kai tsaye, ka kuma samu labarin cewa rigar tana rasa laushinta. Kada a taɓa shi da hannu tsirara.

Daga nan sai rubutun jikin waya. Idan aka haska doguwar waya a silin, sau da yawa za a karanta sunan kamfani, kauri, wani lokaci har da shekara. Sunaye irin su Kabelmetal, Nigerchin, NOCACO ta nan Kaduna, Coleman ko Cutix suna nuna ƙirar gida ce. Cutix ta Nnewi, alal misali, a farkon shekarun 1980 aka kafa ta, don haka wayar da ke ɗauke da sunanta ba za ta girmi wannan lokacin ba. Tambarin NIS ma haka, tunda hukumar kula da ingancin kaya a 1971 aka kafa ta.

A nan ne mai gyaranka na biyu yake da hujja. Tsohuwar PVC ta ainihi jan ƙarfe ce tsantsa kuma kaurinta ya cika. A kasuwa yau, tare da masu kyau, akwai jabu: alminiyam da aka yi wa fatar jan ƙarfe, wadda idan aka kankare ta fari ke bayyana kuma ba ta da nauyi a hannu; akwai wadda ƙarfe ne a ciki har maganaɗisu yana kama ta; akwai wadda aka rubuta 2.5 amma cikinta bai kai ba. Na sha zuwa gida in tarar layin asali na shekara arba'in yana lafiya, wanda ya ƙone kuwa shi ne na ƙarin ɗakin da aka yi kwanan baya. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin mai gida ya biya kuɗin waya mai kyau, an sa masa abin da zai iya tashin gobara da iyalinsa a ciki.

Batun ja da baƙi

Hujjar mai gyaranka na farko, a yadda ka kawo ta, ba ta tsaya ba. Gaskiya ne a Ingila an bar ja da baƙi an koma ruwan ƙasa da shuɗi, an fara a 2004, ya zama dole a 2006, kuma duk wanda ya karanta bayanin 'yan can a intanet zai ɗauka ja da baƙi alamar tsufa ce. A nan kuwa, ka shiga kowace kasuwar kayan wuta gobe, za ka sayi sabon naɗin waya ja da sabon naɗin baƙa. Launin yana amfani ne ta fuska ɗaya kawai: idan ka ga ruwan ƙasa da shuɗi a cikin bango, wannan layin na baya-bayan nan ne. Wayar at ma kusan haka take. Kore zalla ya riga kore mai ratsin rawaya, wanda ya zama ƙa'ida a Ingila a ƙarshen shekarun 1970, amma koren zalla bai ɓace a wurinmu ba.

Rashin wayar at a layin fitilu shi ma ana kafa hujja da shi, saboda sai a ƙa'idojin 1966 aka wajabta ta a can. Ni ba na dogara da wannan sosai, domin har yau akwai masu barin ta don rage kuɗi. Rashinta aibi ne da za a gyara, ko a wace shekara aka yi aikin.

Masu karatu daga Maraɗi ko Damagaram su lura, wannan lissafin duka na tsarin Ingila ne. Nijar tsarin Faransa ta bi, soket ɗinta da launukanta da tarihin kayanta daban ne, don haka shekarun da na ambata ba za su hau kan gidajen can kai tsaye ba.

Makunni, soket, bututu da allon fis

Waɗannan su ne a fili, su ne kuma aka fi canzawa. Sabon makunni ba ya wanke wayar da ke bayansa, amma tsohon makunni shaida ne mai ƙarfi cewa ba a taɓa wurin ba. Makunni zagayayye, baƙi ko ruwan ƙasa ko na tagulla, zaune a kan ɗan faifan katako, da fitilar da ke rataye da murɗaɗɗiyar waya mai rigar zare, suna kai mu shekarun 1960 ko kafin nan. Ƙaramin soket mai ramuka uku zagayayyu na amp 5 shi ma tsohon yayi ne. Babbansa na amp 15 kuwa kada ya ruɗe ka, har yau shi ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki. Soket mai ramuka masu kusurwa na amp 13 tun 1947 aka fito da shi, don haka ganinsa bai nuna gidan sabo ba ne.

Bututun ƙarfe mai baƙin fenti da ake ɗaurewa da zare ya riga bututun PVC. Aiki ne mai kyau idan an yi shi daidai, kuma gidajen gwamnati na da sun sha samun sa. Rauninsa shi ne a yawancinsu bututun ne kansa yake zaman wayar at. Idan tsatsa ta ci mahaɗi a bangon banɗaki ko kicin, ko wani ya yanke wani sashe ya sa na PVC a tsakiya, duk soket ɗin da ke gaba ya rasa kariya, kuma babu abin da zai nuna haka a ido.

Allon fis yana ba da labari biyu. Na farko zamaninsa: akwatin ƙarfen zubi mai hannu a gefe, ko mai bayan katako, da fis na tangaran da ake ɗaura wa siririyar waya ta amp 5, 15 ko 30, ya girmi allon bireka, shi kuma ya girmi wanda ke da na'urar nan mai maɓallin gwaji da ke yanke wuta idan ta fara zurarewa. Sunaye irin su MEM, Wylex, Crabtree da MK za ka gan su a tsofaffin kaya da yawa. Wasu tsofaffin fis ɗin suna da ɗan farin ƙyalle na asbestos a ciki, wani abu mai jure zafi da ƙurarsa ke cutarwa idan an shaƙa, kada a kankare shi ko a hura shi. Haka ma allunan silin na da, kada a fasa su a shaƙi ƙurar. Labari na biyu shi ne na wahalar da wayoyin suka sha. A ciro kowane fis a duba abin da aka ɗaura masa. Idan aka tarar da silin jan ƙarfe mai kauri, ko waya ninki uku, ko ƙusa, to wannan layin ya yi shekaru babu abin da ke tsare shi, duk nauyin da aka ɗora masa wayar ce ta shanye a matsayin zafi. Layin fis na amp 5 a kan bolt 230 abin da zai ɗauka bai wuce wat 1,150 ba, kusan hita ɗaya ta ruwan wanka ke nan. A duba kuma ramin da aka cusa wa waya uku ko huɗu, nan ne aka rataya ƙare-ƙaren da aka yi daga baya.

Abin da ke tsufar da waya

PVC ba ta da ranar mutuwa a rubuce. An yi ta ne ta jure zafin da bai wuce digiri 70 ba a jikin jan ƙarfen, kuma jadawalin da ake zaɓen kaurin waya da shi ya ɗauka iskar wurin digiri 30 ce. Kai ka san yadda cikin silin yake a ƙarƙashin kwano a watan Maris da Afrilu. Wayar da ke can ta riga ta cinye wani kaso na juriyarta kafin a kunna ko fitila ɗaya. Akwai ƙa'idar ƙiyasi da injiniyoyi ke amfani da ita, cewa ƙarin kusan digiri 10 na dindindin yana raba rayuwar rigar waya biyu. Shi ya sa a gida ɗaya, waya iri ɗaya, ta cikin bango takan kasance da laushinta, ta silin ta yi tauri, wadda ke daf da ƙwan fitila kuwa ta ƙone ta yi baƙi, musamman inda aka yi shekaru ana kunna tsohon ƙwai mai wat 100.

Ƙara da raunin wutarmu. Idan ƙarfinta ya sauka, injin firij da na famfo da na sanyaya ɗaki sukan ja fiye da ƙima. Ga ɓera da ke gaigayar riga, ga gara a kwaroron katako, ga zanzaro da ke cika akwatin makunni da laka, ga yoyon rufi da damina. Sai mahaɗan da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef aka jefa a silin. A abin da na gani, waɗannan mahaɗan sun fi tsufan waya kansa jawo ƙonewa.

Gwajin da zai yanke hukunci

Nemi wanda yake da shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin wuta, kuma yake da kayan gwaji na gaske, ba testa kaɗai ba. Abu na farko shi ne gwajin riga da na'urar da muke kira mega. Ana cire duk kayan da ke jone, a tura bolt 500 a kowane layi, a karanta yadda rigar take riƙe wuta. Ƙa'ida ta ce kada ya gaza megaohm 1. Sabuwar waya mai kyau tana ba da ɗaruruwa, don haka layin da ya tsaya a 1 ko 2 ya tsallake da ƙyar, ni kuma ba na barinsa sai na gano dalili. Na biyu, a bi wayar at daga allo zuwa kowane soket a tabbatar ba ta yanke ba. Na uku, a tabbatar makunni wayar layif yake yankewa, domin a tsofaffin gidaje ana yawan samun an juya ta da niyutiral, fitila a kashe amma bakinta da wuta. Na huɗu, a auna ƙarfen at da aka binne a ƙasa.

Lokacin gwajin ma yana da tasiri. Riga mai tsagewa takan ba da sakamako mai kyau da hunturu, lokacin da komai ya bushe, sai damina ta fallasa ta. Ƙarfen at kuma akasin haka ne, da damina yana kyau, da rani idan ƙasa ta bushe yake nuna rauninsa. Idan an gwada a lokaci ɗaya, a sa wannan a lissafi. Sannan mega tana da iyaka: wayar danƙo da ta bushe, wadda silinta ba su taɓa juna ba, tana iya ba da lamba mai kyau, saboda iskar da ke tsakani ita ma tana tare wuta. Don haka ido da na'ura tare suke aiki. Ka ce a rubuta maka sakamakon kowane layi a takarda.

Abin da zan ba ka shawara

Ban ga gidan ba, don haka hukuncin yana hannun wanda zai tsaya a ciki. Amma ga yadda nake yanke nawa. Duk layin da aka samu danƙo ko dalma, a raba shi da wuta a sake shi, ko da mega ta yaba masa. Wannan ba na sassauci a kansa. PVC mai ma'aunin inci, ko wadda ke fitar da koren ruwa, idan za ka yi babban gyara ne kafin ka tare, ni zan sake ta, domin ta haura shekara hamsin ko tana daf da haka, kuma an ja ta ne don kayan da ba su kai rabin naka ba. PVC mai milimita ta kamfanin kirki, wadda ke da laushi, ta ci gwaji, kuma wayar at ɗinta ta cika, babu dalilin fasa bango saboda ita. A bar ta, a gyara mahaɗan a sa su cikin akwati, a yanke ƙonannun bakuna, a cire jabun da aka ɗora mata.

Ko wanne aka zaɓa, allon fis ɗin a canza shi da na bireka mai na'urar yanke wuta ta miliamp 30, wadda ke kare mutum idan wuta ta kama shi. Idan an sa ta tana yawan faɗuwa, akwai inda wuta ke zurarewa ko an haɗa niyutiral ɗin layi biyu, a nemo wurin. Kada ka yarda wani ya tsallake ta don a huta. Kicin, hitar banɗaki, famfon ruwa da kowace na'urar sanyaya ɗaki a ja musu sabon layi nasu daga allo, wannan kaɗai zai sauke wa tsofaffin wayoyin mafi yawan nauyi. Cenjar janareta da ta inbata a tabbatar suna raba gidan da layin waje gaba ɗaya.

Game da kuɗi, idan bututun cikin bango yana da lafiya, ana iya ɗaura sabuwar waya a jikin tsohuwar a ja, ba sai an fasa ba, kuma a zura wayar at tare da ita ko da bututun na ƙarfe ne. Inda ya toshe ko ya ruɓe, ana iya bi ta saman bango da farin kwaroron PVC. Wayar kuma kai da mai aikin ku je wurin dilan kamfani tare, a yanke ɗan guntu a kankare a gabanka kafin ka biya. Aikin wuta ya riga silin da fenti, don kada a dawo a fasa abin da aka gama. Kafin a yi gwajin nan, kada a jona hita, risho na lantarki ko na'urar sanyaya ɗaki a tsofaffin soket, kuma idan babu mai kwana a gidan, a riƙa kashe babban makunni.